Kafaɗar da Sargento Ya Zaɓa

Asabar, 10 ga Yuni

Ta iso. Gerliane, ƙanwata da muke kira Liane, 'yar São Paulo, da akwatuna biyu da gashi ja kamar an tsoma shi a manja. Papai, babanmu, da ke cewa ƙafarsa ba ta kai shi banɗaki sai na tallabe shi, yau shi kaɗai ya dogara sanda har bakin ƙofa. "Lianena! Autata!" Har da hawaye. Ni ina tsaye da tsumman goge tebur a hannu. Sai da suka gama rungume-rungumensu ya waiwayo ya ce, "Nira, ina kofi?"

Tun rasuwar Mamãe, mahaifiyarmu, ni ke yi masa wanka, ni ke ba shi maganin hawan jini, ni ke kwashe kashin birinsa. Bai taɓa tasowa don ni ba. To ina ma nake zuwa da za a taso tarbata?

Sau ɗaya nake so ya dube ni yadda ya dube ta yau. Na rubuta, tunda nan ba mai gani. Mace mai neman shekara hamsin, ba kunya.

Wai sai bayan bikin waliyyi São João za ta koma. Allah ya ba ni haƙuri.

Lahadi, 11 ga Yuni

Tsaraba: Papai agogo da riga mai maɓalli. Ni man shafawa. "Hannunki ya yi kaushi, Nira." Kaushin wankin wa?

Abu ɗaya ya faranta min rai. Ta je baranda gaida Sargento, soim ɗin Papai, ɗan birin nan da bai fi tafin hannu ba amma mugun halinsa ya fi na ɗan sanda. Tun yana jariri Papai ya tsince shi a gindin bishiyar kashu ya sa a keji, kuma tun ranar ba wanda ya taɓa shi ya kwana lafiya. Da cokali mai dogon hannu nake ba shi ayaba. Liane ta kai fuska tana masa muryar jarirai, ya tsandara ihu ya yi mata fitsari a riga. Sai da na shiga kicin na toshe baki na yi dariyata.

Aƙalla a gidan nan akwai mai adalci ɗaya. Ni da ita duk ƙin mu yake.

Talata, 13 ga Yuni

Ranar Santo Antônio, waliyyin masu neman aure. 'Yan matan layinmu sun kife gunkinsa cikin kofin ruwa, sai ya ba su miji za su fitar da shi. A tebur Liane ta ce, "Ke Nira, naki waliyyin ai ya daɗe da nutsewa ko?" Papai ya yi dariya har ya ƙware da dambun masara, ni na buga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Wa zai ɗauki Nira? Ita da Sargento duk cizo suke."

Na kwashe kwanoni.

Alhamis, 15 ga Yuni

Sargento bai ci ayabarsa ba. Ya takure a lungu, ba ihu, ba zagi. Sanyin dutse ne, in ji Papai. Na sa masa tsohuwar safa a kejin.

Ita kuma ta ƙarar min da sabulu.

Juma'a, 16 ga Yuni

Wannan kam sai na rubuta.

Da hantsi ina shanya na ji Papai yana ƙwala kira kamar gobara ta tashi. "Nira! Zo ki ga ikon Allah!" Na taho a guje, a zatona faɗuwa ya yi. Sai ga Liane a tsaye a baranda, ƙofar keji a buɗe, Sargento a kan kafaɗarta. Ya kwantar da kai a wuyanta, ya riƙe 'yan kunnenta da 'yan yatsunsa. Sargento fa. Wanda ya taɓa tsaga wa mai karanta mita yatsa.

Wai hannu kawai ta miƙa ya taho.

Papai ya ce, "Kin gani? Dabba ta san hannu mai albarka. Ke shekara da shekaru kina tura masa abinci da cokali kamar ɗan fursuna."

Na ce, "Wa ya ce in riƙa amfani da cokalin? Ba kai ba?"

Bai ma ji ba. Yana kallon su yana share ido da sabuwar rigarsa.

Ni na raine shi. Ni na ba shi madara da abin ɗiga magani lokacin ko ido bai iya buɗewa sosai ba. Ni ke goge kejin da ke warin da sai ka riƙe numfashi. Ta zo ko mako ba ta yi ba. Uba nata, yanzu biri ma nata. Kishi nake, ƙwarai kuwa, kishin da har ɗaci nake ji a harshena. Na ƙona waken rana ina sane.

Asabar, 17 ga Yuni

Maƙwabta sun cika baranda ana ɗaukar hoto. Ni ke dafa musu kofi.

Lahadi, 18 ga Yuni

Na yi abin kunya.

Bayan abincin rana kowa ya shige ragar kwanciyarsa, gida ya yi tsit. Na lallaɓa baranda na buɗe kejin. Ba cokali. Na ce, "Zo mana, ɗan banza. Ni ce fa." Ya daɗe yana kallona da idanu kamar na mai maye. Sai ya matso ya kama yatsana da hannu biyu, ya lashe shi, daidai inda wuƙar ɓare rogo ta yanke ni jiya. Bakinsa jiƙe sharkaf. Ya lasa, ya ƙara.

Kuka na yi. A kan biri.

Amma bai hau kafaɗata ba. Na jira, na jira, ya koma lungunsa. Sai muryar Papai daga ɗaki: "Wa ke taɓa keji? In Nira ce ki bar shi, ba ya son hannunki." Na rufe na koma kicin.

Litinin, 19 ga Yuni

Ya cije ta! Suna zaune lafiya lau, tana yi masa waƙa, kawai ya kafa mata haƙori a bayan kunne. Sai da ta fizge shi. 'Yan ramuka biyu, jini kaɗan.

Papai ya ce cizon ƙauna ne. Ya sa na ɗauko giyar rake da lemon tsami aka goga mata, yadda ake yi wa kowane yaro a garin nan. Da kare ne da tuni an tafi asibiti da gudu. Cizon soim kuwa wa ke kai shi gaban likita? Rabin gidajen layin nan suna da shi ɗaure da igiya a ƙugu.

Ba zan yi ƙarya a nan ba: na ji daɗi. Na kusan awa ɗaya. Daga baya kuma na ce a raina, ko cizon ma ita ya zaɓa.

Talata, 20 ga Yuni

Akwai abin da ba daidai ba.

Da safe na same shi yana jan ƙafafun baya kamar ba nasa ba. Yawu na dalala har ƙirji. Na miƙa masa ruwa, ya kai baki, maƙogwaronsa ya shaƙe, ruwan ya dawo. Na taɓa ganin haka, a gonar kawunmu, maraƙin da jemage ya sha wa jini. Shi ma sai da ya yi laushi yana bin mutane kamar ɗan rago, sannan ƙafafun suka mutu. Kawu ya ce haukan kare ne, ya hana mu matsawa.

Sai na tuna watan jiya. Birran daji sun sauko bishiyar kashu, ɗaya ya maƙale a jikin kejin suka yi ta kokawa ta ramuka. Na kore shi da tsintsiya. Sargento ya kwana biyu yana lasar hannunsa. Ban ɗauke shi komai ba.

A tebur na faɗa. Na ce wannan laushin nasa ba so ba ne, ciwo ne, Liane ta je a duba ta.

Papai ya ajiye cokali. "Ashe har baƙin cikin ya kai nan? Don ya ƙi ki ya so ƙanwarki, sai ki ce mahaukaci ne?"

Liane ta yi 'yar dariya. "Haba Nira. Sai mahaukaci ne kaɗai zai so ni?"

Me zan ce? Duk sun ga fuskata ranar Juma'a. Ni kaina na zauna ina tambayar kaina ko kishin ne ke nuna min yawu da jan ƙafa. Na koma na sake dubawa. Yawun na nan.

Laraba, 21 ga Yuni

Ya mutu da safe, cikin safar.

Papai ya yi kukan da bai yi wa Mamãe ba. Ya ba ni kwalin takalmi ya ce in binne shi a gindin kashu, inda aka tsince shi. Ya riƙe min hannu gam: "Kada kowa ya ji. Kin san doka ta hana ajiye su. Kuma masu asibitin nan kai suke yanke wa dabba su aika birni. Ba wanda zai yanka min Sargento. Ki rantse."

Rabon da ya riƙe hannuna haka na manta. Na rantse.

Sai dai a kicin na sa hannuna cikin leda na ɗauke shi, na ninka masa leda uku, na sa a kular ƙanƙara na ɓoye bayan buhun masara. A kwalin na sa guntun mazarƙwaila don nauyi. Na haƙa rami, Papai yana kan kujera da hula a ƙirji yana addu'a, Liane ta tsinko furanni. Muka binne mazarƙwaila.

Da muka gama ya ce, "Kin kyauta, 'yata." 'Yata!

Yanzu ga ni. In na yi shiru, ranar Lahadi za ta hau mota ta tafi da 'yan ramukanta biyu, gida ya dawo nawa, ni da mutumin da ya ce min 'yata. Wataƙila ma ba komai ba ne. In na kai kular nan, ba zai yafe min ba har ya shiga ƙasa. Na san shi.

Tana can tana shafa wa farcen ƙafarta jan lalle na kwalba, tana waƙa ba daɗi. Tun tana ƙarama ba ta iya waƙa ba. Ni na goya ta.

Alhamis, 22 ga Yuni

Na kai.

Na ce kasuwa za ni. A asibitin sha-ka-tafi na samu Dona Neuma, mai zagayen gidaje auna jini, wadda Papai ke sa ni rufe kejin da bargo duk ranar zuwanta. Na fara kwana-kwana, wai wata maƙwabciya ce birinta ya yi kaza. Ta dubi kular ta dube ni. "Luzanira, ni da ke aji ɗaya muka yi. Kin ɗauka bargo na hana wari? Wa ya ciza? A ina?" Da na ce bayan kunne, ta miƙe tsaye ba ta ko rufe alƙalaminta ba. Ta ce kusa da kai ya fi ko'ina haɗari, kuma in ciwon nan ya riga ya nuna kansa a jikin mutum, sai dai addu'a.

Da motar asibiti muka koma gida. Ba zan rubuta duk abin da Papai ya faɗa ba. Ya nuna ramin da sandarsa ya ce, "To me na yi wa addu'a jiya?" Na faɗa masa. Ya ce maci amana, ya ce na kasa haƙuri ko gawar ma sai na rama a kanta. Liane na cewa ita ba inda za ta, gobe daren kunna wutar São João, an yi mata ɗinkin rawa. Na damƙi hannunta yadda nake yi in za a kai ta wanka tana 'yar shekara biyar. Na ce, "Ki tsane ni a mota."

A babban asibiti wata ma'aikaciya ta yi mata allura a kewayen cizon, da wata a dantse. Tana yi tana bayani: ba sai cizo ba, ko yawu ne ya taɓa rauni a faɗa. Akwai wani a gidan?

Na ce babu. Na tura hannuna cikin aljihun siket. Yaya zan faɗa a gaban Neuma da Liane cewa na saci jiki na je roƙon biri ya so ni?

Sai Liane ta ce, "Nuna mata yatsan."

Na ce wane yatsa.

"Nira, tagar ɗakinmu baranda take kallo. Na gan ki ranar Lahadi. Na ga kina kuka, shi ya sa ban yi magana ba." Ta juyo ta fuskance ni. "Ke wace irin mutum ce? Ki jawo ni nan kamar akuya, ke ki koma gida ki mutu don kunya? Fito da hannun nan ko in fito da shi!"

Ta fito da shi. Ita ta riƙe wuyan hannuna aka soka allurar a yatsan. Zafi kamar an zuba barkono. Ba ta saki ba har aka gama, kuma tafinta ya fi nawa gumi.



Juma'a, 23 ga Yuni

Da safe na je gabansa kamar kullum. "A sa min albarka, Papai." Ya juya fuska bango. Tun da na iya magana ban taɓa roƙa aka hana ni ba. Liane ta zo, ya sa mata har da shafa kai.

An kunna wutar São João a ƙofar kowane gida, tamu ce kawai babu. An zo an ƙone kejin, wutarmu kenan. An kuma bi maƙwabtan da suka ɗauki hoto ɗaya bayan ɗaya ana tambayar wa ya taɓa. Yanzu layin gaba ɗaya ni suke wa kallon banza, kowa ya ɓoye nasa birin.

Lahadi, 25 ga Yuni

Ba ta tafi ba. Sai an gama alluran. Ni na ja wa kaina.

Yau ta biyu. Mun dawo kowa da dantse a kumbure. Ta ce, "Naki ya fi nawa girma, har a nan sai kin fi ni." Na ce wa ya fi wa? Ta dube ni kamar za ta ce wani abu, sai mota ta faɗa rami.

Laraba, 28 ga Yuni

Ta ce ita za ta yi wa Papai wanka in huta. Na zauna a kicin ina jin su. Ya ce ruwan ya yi zafi, ya ce ya yi sanyi, ya ce ba haka ake riƙe shi ba. Ta fito jiƙe har gwiwa, gashin nan ja ya manne a goshi. "Kullum haka yake?" Na ce yau ma yana jin kunyarki ne. Ta zauna a kan buhun masara. Can ta ce, "Ban sani ba, Nira."

Na ba ta kofi. A kofin Mamãe, don shi ne a kusa.

Juma'a, 30 ga Yuni

Neuma ta zo da kanta. Sakamako ya fito daga birni: haukan kare ne.

Na ɗauka zan ji daɗi. Na sha shirya yadda zan tsaya a gabansa. Sai ga ni zaune a dokin ƙofa ina kallon bayan kunnen Liane.

Papai ya miƙa hannu yana laluben fuskarta. "Lianena. Kunnen yana ciwo? Da na kashe ki."

Ta janye kai. "Papai, 'ya'yanka biyu aka yi wa allura."

Ya dube ni, ɗan kallo kaɗan. "Nira ai ƙarfe ce. Ba abin da ke samun ta."

Shi kenan. Ba haƙuri, ba sannu. Na jira in ji ɗacin nan a harshena, bai zo da ƙarfi ba. Ita ce ta tashi fuu ta bar masa ɗakin, ta same ni a kicin tana zagin tukunya. Ni na ƙare da ba ta haƙuri.

Alhamis, 6 ga Yuli

Allura ta ƙarshe. Mun sayi rake a bakin asibiti muka sha a tsaye kamar 'yan makaranta.

Lahadi, 9 ga Yuli

Jiya ta tafi. Ya yi kukansa a bakin ƙofa. Albarka dai har yau sai ya ga dama, wata rana ya yi gunaguni, wata rana bango. Ina roƙa in wuce abina.

Ɗakin ya yi faɗi da yawa. Ban kwance ragarta ba tukuna, dantsena bai gama saki ba.

Ɗazu da la'asar waya ta yi ƙara, na ga sunanta. Papai ya miƙo hannu tun kafin in ɗauka, yadda aka saba. Na ce mata, "Ga shi nan." Ta ce, "Ke nake nema, bar shi tukuna. Yaya yatsan?"

Hannunsa na nan a miƙe. Na fita baranda da wayar.

Ba wata magana ba ce, surutunta ne kawai na banza, mota ta lalace a hanya, maƙwabciyarta ta bar mata shuke-shuke sun bushe. Da na dawo kofinsa ya huce, yana ta mita. Na ce ya sha haka.